Shin falsafa tana iya nuna wa mutum dalilin zuwansa duniya?

Ɗan_Wunti:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau na zo da tambayar da ta hana ni sakat. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifina. Tela ne, ya yi sama da shekara 40 yana ɗinki a wani ɗan shago kusa da kasuwar Wunti, kuma bayan sadakar uku ni aka miƙa wa mabuɗin shagon domin in mayar wa mutane kayansu. Da na buɗe, sai na tarar da wata riga a ƙarƙashin allurar keke, an ɗinke hannu ɗaya ba a kai ga ɗayan ba, ga alli ga almakashi a inda ya ajiye su. Na zauna a kan kujerarsa na kasa taɓa komai, sai tambaya ta faɗo mini: wannan wahala ta shekara 40 mece ce manufarta, ni kuma da na gama jami'a, na yi bautar ƙasa, nake sammako kullum zuwa ofis, ina na dosa?

Ni Musulmi ne, ina salla, kuma na san ayar da za a karanta mini tun kafin a karanta ta. Damuwata ita ce amsar tana bakina amma ba ta sauka cikin zuciyata ba. Wannan ya sa na fara karanta littattafan falsafa da dare, har yayana ya gani ya ce ina wasa da imanina. Ina roƙon ku gaya mini gaskiya: akwai abin da mutum zai samu a falsafa game da manufar rayuwa, ko kuwa hanyar ɓata na kama?

Malam_Na_Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ɗana, tun da ka ce ka san ayar, ba zan fasa karanta maka ita ba, domin tunatarwa tana amfanar mumini. A Suratuz Zariyat, aya ta 56, Allah ya ce bai halicci aljannu da mutane ba sai domin su bauta masa, a Suratul Muminun, aya ta 115 kuma ya tambaye mu ko muna zaton ya halicce mu ne da wasa, ba za a mayar da mu gare shi ba. Shawarata ita ce ka rufe littattafan nan a wannan lokaci. Imam Gazali ya bi maganganun masana falsafa irin su Farabi da Ibn Sina a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kama su a mas'aloli 20, ya kafirta su a uku daga ciki: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar alƙiyama. Wanda ke ɗauke da ɗanyen rauni ba ya shiga kududdufi, kai kuwa rauninka bai ko fara kamewa ba.

Ɗalibar_Yelwa:
Allah ya gafarta Malam, ban isa in ja da ku ba, sai dai ina neman izinin in ƙara abin da ya rage daga labarin Imam Gazali, domin ina ganin zai sanyaya zuciyar Yaya Ɗan_Wunti. Shi da kansa ya ba da labari a cikin Almunƙizu Minad Dalal cewa ya yi kusan wata biyu cikin shakka mai tsanani, har yana tuhumar abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke yankewa. Daga baya kuma, a shekarar 1095, yana kan ganiyar ɗaukaka a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna zama a gabansa, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ya daina shiga, likitoci suka ce wannan ciwo daga zuciya ya taso. Abin da ya gano shi ne koyarwar da yake yi neman suna ce ke tura ta. Ya bar muƙaminsa ya tafi Sham, ya yi shekaru wajen goma a keɓe.

Mutumin da ya kai wannan matsayi ai ya haddace ayar Zariyat tun yana yaro, amma duk da haka sai da ya shiga halin da amsa ke baki ba ta zuciya. Saboda haka halin da Yaya yake ciki ba abin kunya ba ne. Kuma kafin Gazali ya soki masana falsafa sai da ya zauna ya karance su kusan shekara biyu, ya ƙara shekara guda yana juya abin a ransa, har ya gargaɗi masu ƙin ilimin lissafi da sunan kare addini cewa cutar da addinin suke yi.

Mai_Hatsi_Muda_Lawal:
Allah ya jiƙan Baba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma zan faɗi abin da nake gani a bakin rumfata. Wannan tambaya ta wanda cikinsa ya cika ce. Matar da ta zo da kuɗin rabin mudu tana roƙon a cika mata, ta san manufar rayuwarta sarai, wato yaranta su kwana da abinci a ciki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙanena, kana da aiki a lokacin da dubban abokan karatunka ke yawo da takardu a hannu, ka gode wa Allah, ka riƙe mahaifiyarka da ƙannenka, za ka ga tambayar ta tafi da kanta.

Tsohon_Malami_Misau:
Alhaji Mai_Hatsi, akwai gaskiya a maganarka, har Aristo na Girkawa ya yarda cewa da wuya mutum ya yi kyakkyawar rayuwa idan ba shi da abin masarufi da lafiya da abokai. Inda zan rabu da kai shi ne cewa tambayar ta ƙosassu ce kaɗai. Na koyar a makarantun ƙauye shekara 35, kuma mutumin da ya fi girgiza ni da wannan tambaya manomi ne da ya binne 'ya'ya uku a damina ɗaya saboda ƙyanda. A bakin rijiya ya tare ni, guga a hannunsa, ya ce Malam, ku da kuka yi boko, don me aka kawo su in dai tafiya za su yi tun ba su san komai ba? Cikinsa ba a cike yake ba. Hausawa ma sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ga ɗana Ɗan_Wunti kuwa, ga abin da na ɗauka daga Aristo, kuma ban ga ya taɓa imanina ba. Ya ce duk abin da mutum ke yi yana yin sa ne domin wani abu: ana ɗinki domin kuɗi, ana neman kuɗi domin abinci, ana cin abinci domin a rayu. In dai wannan sarƙa ba ta tsaya a kan wani abu da ake so domin kansa ba, to duk wahalar ta zama fanko. Ya kira wannan abu da kalmar da malaman Musulunci suka fassara da sa'ada, ya ce ana samun ta ne ta hanyar kyawawan halaye da mutum ya saba da su har suka zama jikinsa, a tsawon rayuwa gaba ɗaya. Farabi ya rubuta Tahsilus Sa'ada, Gazalin da ake magana shi ma yana da Kimiya'us Sa'ada da ya rubuta da Farisanci. Ka ga ke nan tambayar da ta same ka a kan kujerar mahaifinka tsohuwa ce, manya sun sha zama a kanta.

Mu ma a nan ba baƙinta ba ne. A garin Bauchi a 1943 Malam Sa'adu Zungur da abokansa, cikinsu har da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna da zauren tattaunawa inda ake ɗora al'amura a faifai ana tambayar dalilinsu. Yawancin abin da suka tattauna mulki ne da gyaran al'umma, amma ɗabi'ar tambayar dalili ita ce dai uwar falsafa.

Almajirin_Katagum:
Ina so in raba abu biyu da ake cakuɗawa, wato bin ra'ayoyin masana falsafa da aiki da hankali, domin a zaurukanmu ba a taɓa rufe ƙofar aiki da hankali ba. Duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi ya san da hukuncin hankali aka buɗe ta: wajibi da mustahili da ja'izi. Sannan Shehu Abdurrahman Al'ahdari, wanda kusan kowannenmu ya fara fiƙihu da littafinsa da muke kira Ahalari, shi ne kuma mai Sullam, waƙen da ake koyon manɗiƙi da shi, wato ilimin ƙa'idojin tsara hujja da hankali. A cikinsa ya kawo saɓanin malamai a kan koyon manɗiƙi a fili: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare manɗiƙi a musayar da suka yi da Imam Suyuɗi da ke ƙinsa. A gidan Shehu Usmanu ma akwai jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya zauna a Salame, ya yi rubutu a kan hikima da falsafa. Saboda haka maganar Malam_Na_Zaure tana da tushe, ta Ɗalibar_Yelwa ma tana da tushe, abin dubawa shi ne sharaɗin da Al'ahdari ya gindaya, da kuma wanda zai riƙe hannun mai karatun.

Bakan_Gizo_77:
Na taɓa jin cewa Ibn Rushdi ya zauna da Gazali sun yi muƙabala a gaban sarki, ya kayar da shi. In haka ne, ai magana ta ƙare, falsafa ta yi nasara.

Ɗalibar_Yelwa:
Ɗan'uwa, wannan bai faru ba. Gazali ya rasu a 1111, Ibn Rushdi kuwa an haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus a 1126, ba su taɓa haɗuwa ba. A rubuce ya mayar da martani, cikin Tahafutut Tahafut. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne ɗan littafinsa Faslul Maƙal, inda ya kafa hujja da ayoyin da ke umartar a yi tunani a kan halitta, ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya. Kuma alƙali ne Bamalike, shi ne mai Bidayatul Mujtahid da malamanmu ke karantarwa har gobe. Sai dai shi ma bai yarda a buɗe wa kowa da kowa waɗannan mas'aloli ba, a nan kam ya fi kusa da Malam fiye da yadda ake zato.

Malam_Na_Zaure:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin yi adalci. Ban musa manɗiƙi ba, ni ma na karanta Sullam a gaban malamina. Tsorona a kan yaro ne shi kaɗai cikin dare da waya a hannu, ba malami, yana karanta mutanen da suka fara da cewa babu Mahalicci. Shi Gazali da kuke kafa hujja da shi, ai cewa ya yi ba tsara hujjoji ne ya fitar da shi daga shakka ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa.

Mai_Karatun_Dare:
Tun da Malam ya ambaci waɗannan mutane, bari in faɗi abin da na gani, domin na bi ta wurinsu lokacin da na yi shekara huɗu ba aiki bayan kammala karatu. Na karanta Albert Camus, Bafaranshen da aka haifa a Aljeriya, wanda a 1942 ya kwatanta rayuwa da wani mutum a tatsuniyar Girkawa da aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa kan tsauni, in ya kai sai dutsen ya gangaro, ya sake komawa, har abada. Ya ce duniya ba ta amsa tambayarmu, don haka mutum ya rungumi dutsensa ya ƙi karaya. Kwatancin ya kama ni ƙwarai, domin haka nake ji duk ranar da na kai takardar neman aiki, amma amsar ba ta ƙosar da ni ba. Jarumtaka ce wadda ba ta gaya maka abin da ya sa dutsen ya cancanci turawa.

Wanda ya fi amfanata shi ne Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa Bayahude daga Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi bayan ya rasa matarsa da iyayensa da ɗan'uwansa, ya fitar da littafinsa a 1946. Ya ce a daina tambayar rayuwa abin da za ta ba mu, domin ita ce ke tambayarmu kullum, mu kuma da aikinmu muke amsawa. Ya nuna ƙofofi uku: aikin da mutum ya yi, da wanda ya ƙaunata, da yadda ya tsaya a gaban wahalar da ba shi da ikon kawar da ita. Da na karanta wannan sai na ga haƙuri da ihsani ne da aka koya mini tun ina makarantar allo, amma sai da baƙo ya faɗa da wasu kalmomi kafin na ji nauyinsu. Ban bar salla ba ko sau ɗaya a wannan tafiya, sai dai na san wani abokina da ya bi hanyar bai dawo yadda ya tafi ba, saboda haka ba zan ce tsoron Malam ba shi da dalili ba.

Ɗan_Bogoro:
Ina yi maka ta'aziyya, ɗan'uwana. Ni Kirista ne, kuma ina so ka san wannan tambaya tana cikin Littafi Mai Tsarki a fili. Littafin Mai Hadishi ya buɗe ne da cewa komai banza ne, yana tambayar ribar da mutum ke samu daga dukan wahalarsa a duniya, ya bi ta kan dukiya da hikima da jin daɗi ɗaya bayan ɗaya, kafin ya rufe da cewa a ji tsoron Allah a kiyaye umarnansa. Abin da ke ba ni ƙarfi shi ne ba a goge tambayar an bar amsar kaɗai ba, an bar su tare. Agustin ma, babban malamin Kirista na dā wanda ɗan Afirka ta Arewa ne, ta littattafan falsafa ya bi kafin ya tsaya a kan bangaskiya, kuma ya ce zuciyar mutum ba ta hutawa sai ta huta a wurin wanda ya yi ta.

Uwar_Marasa_Lafiya:
Ɗana, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara 22 ina kwanan asibiti, kuma na zauna a gefen gadon mutane da yawa a darensu na ƙarshe. Ban karanta ko ɗaya daga cikin littattafan da ake ambata ba, amma ga abin da kunnena ya ji. Ban taɓa jin wanda ya tambayi manufar rayuwa da waɗannan kalmomi ba. Wani dattijo ya riƙe mini hannu da ƙarfe uku na dare, numfashinsa yana sama-sama, ya ce in rubuta sunan wani mai shayi da yake binsa kuɗin da ba su kai na mudun gero ba, in ba ɗansa da safe. Sai da na karanta masa abin da na rubuta sau biyu kafin ya saki hannuna ya yi shahada. Wata kuma 'yarta da suka yi shekara shida ba sa magana take ta kira. Haƙƙin mutane da zumunci da haɗuwa da Allah, a kan waɗannan na ga ana ƙarewa.

Sannan ina da tambaya gare ka a matsayin uwa. Kana barci? Kana cin abinci? In wata bakwai sun wuce barci ya ƙaurace maka, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, ko kana jin zaman duniyar ya ishe ka, to ka je ka ga likita, kada ka tsaya ga littafi kawai. Baƙin cikin rashi yakan rikiɗe ya zama ciwo, kuma yana da magani.

Tsohon_Malami_Misau:
Abin da Hajiya ta faɗa ya tuna mini da wani abu. Wani Bature mai suna Kirk-Greene, wanda ya yi aiki a Arewa, ya wallafa nazari a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya tattaro halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Da na karanta sai na lura cewa kakanninmu ba su cika tambayar don me aka zo ba, sun fi tambayar yaya za a zauna. Shi ya sa in an dawo daga jana'iza ba a cewa ya tara kaza, sai a ce mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Ko wannan ya isa amsa ga mai tambayar don me, ni kaina ban gama yanke hukunci ba, ina da shekara 71.

Ɗan_Wunti:
Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Inna, barcina ya ragu ƙwarai amma ina cin abinci, kuma na yi alkawarin zan je a duba ni a wannan mako. Maganarki ta sa jiya na koma shagon na buɗe littafin awo na Baba, wanda na ƙi taɓawa tun ranar. A bayan kowane shafi yana rubuta bashin da yake bin mutane, sai na ga sunaye da yawa an ja musu layi, a gefe an rubuta "na yafe" da ajami, kuma kusan duk kwanan watan na ƙarshen azumi ne. Akwai wata mata da ya yi wa 'ya'yanta kayan salla shekara biyar a jere, kowace shekara da layinta. Ko mahaifiyata ba ta san da wannan ba.

Ba zan ce tambayata ta tafi ba. Na ga abin da Baba ya yi da shekarunsa, amma har yanzu ina so in fahimci dalilin da ya sa wannan yake da nauyi ko da ba wanda ya gani, kuma ina jin a nan ne ayar da Malam ya karanta da sarƙar da Baba na Misau ya kwatanta suke haɗuwa, sai dai ban iya ɗaura su da kaina ba tukuna. Allah ya gafarta Malam, in na kawo Almunƙiz za ku karantar da ni?

Malam_Na_Zaure:
Ka zo bayan sallar asuba ranar Asabar, amma da Ummul Barahin za mu fara, Almunƙiz ya biyo baya. Littattafan Turawan nan kuma ina nan a kan bakata, ka jingine su tukuna.

Mai_Karatun_Dare:
Allah ya gafarta Malam, na Frankl ɗin dai ina roƙon a bar masa, ko kuwa ya kawo muku ku duba da kanku kafin ku yanke.

Mai_Hatsi_Muda_Lawal:
Ni har yanzu ina ganin Baba bai buƙaci ko ɗaya daga cikin littattafan nan ba kafin ya rubuta abin da ya rubuta a bayan shafi. Ƙanena, rigar nan mai hannu ɗaya fa, an gano mai ita? In akwai wani cikin yaran da Baba ya koya wa ɗinki, ka kai masa ya ƙarasa ta a kan keken Baban, ka miƙa wa mai ita da hannunka.